Dabino a Hannun Hagu

Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, can Jibiya, kuma ba ni na bar shi ba, shi ya gaji da ni. Amma in dai maganar sarakunan Turawa na dā ce, da irin kyautukan da suke aika wa juna, to duk Hausawan Greensboro, nan Amurka, babu mai ja da ni, har da masu digiri biyu. Dalili kuwa, na shekara goma sha ɗaya ina gadi a wani gidan nuna zane-zane kusa da jami'a, ta wajen Glenwood. Aikina in tsaya a kusurwa da baƙar kwat in hana mutane taɓa bango. Akwai wata tsohuwar Baturiya da ke zagayawa da baƙi tana yi musu bayani, bayanin nan guda ɗaya, safe da yamma. Ko jaki aka ɗaure a kusurwar nan, da ya fita da ilimi.

Ga abin da na haddace. A wancan zamani, idan sarki yana neman sulhu da wani sarki, ko yana son 'yarsa, ko yana son ya ba shi tsoro, ba ya gaggawar rubuta wasiƙa. Sai ya sa a zana hoto, ko a ƙera farantin azurfa, ya ba jakada ya kai. Can kuma fadawa su kewaye kyautar kamar masu wankan gawa, suna duba ta gaba da baya. Me ya sa karen da ke cikin hoton yake kallon ƙofa? Me ya sa takobin yake cikin kube amma hannu na kansa? Tsohuwar takan ɗaga yatsa ta ce babu abin da mai zane yake sawa a banza. Maganar nan ta zauna mini. Tun daga lokacin, ko lemo aka ba ni sai na juya shi na duba gindinsa.

Mu ma a nan muna da sarakuna biyu, ko da yake babu wanda aka naɗa wa rawani. Na farko shi ne Alhaji, Bakano, shugaban 'yan Najeriya. Gidansa yana Sedgefield, inda in ka leƙa ta taga za ka ga dattawan Turawa suna bin wata 'yar ƙwallo da sanda a cikin ciyawar da za ta ƙosar da garken shanu. Na biyu shugaban 'yan Nijar, mutumin Damagaram, wanda jama'arsa ke kira Perezidan. Yana da kanti a gabashin gari, inda ake samun gero da daddawa da kilishi da labarin kowa. Mutanensa sun fi namu yawa, namu sun fi nasa takardun makaranta, kuma babu ɓangaren da ya taɓa mantawa da nasa fifikon.

Ni kuwa ɗan bakin iyaka ne tun daga gida, matata kuma 'yar Maraɗi ce. Saboda haka wajen shekara ashirin ni ne jakada tsakaninsu. In haihuwa ce ni ke kai labari, in rasuwa ce ni, in an yi gutsiri-tsoma ni ke kai maganar in rage mata gishiri a hanya. Ina cin tuwo a Sedgefield in sha shayi a kanti. Babu albashi, amma akwai girma, kuma ni mutum ne mai son girma, ba zan ɓoye ba.

Rigimar ta fara ne ranar ƙaramar Sallah. An kama wani zaure haya don a yi Idi tare, aka tsara cewa bayan huɗuba kowane shugaba zai yi wa jama'a barka a taƙaice. Alhaji ya fara karɓar lasifika. Ya yi magana a kan tarbiyyar yara. Ya yi magana a kan masu fakin a ƙofar maƙwabta. Ya koma kan tarbiyya, ya ce 'ya'yanmu sun lalace, har yaro ya miƙo maka abu da hagu bai san ya yi laifi ba. Daga nan ya shiga labarin shekararsa ta farko a Amurka, yana cikin dusar ƙanƙara bai fito ba mai zauren ya zo ya fara naɗe kujeru. Perezidan na tsaye da takardarsa a hannu. Ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu, ya fita bai ce uffan ba. Da zagi ya yi, da an ba shi haƙuri an wuce wurin. Shirun nan ne ya yi wata biyar. Babbar Sallah kowa ya yi tasa. Aka yi ɗaurin aure biyu, kowanne rabin gari ya je. Na yi ta safa da marwa, kowa ya ba ni abinci, babu wanda ya ba ni magana.

Ana cikin haka 'yarmu ta haihu, ranar Asabar, namiji, jikanmu na farko. Mijinta Bazazzagi ne, ba shi da kowa a nan, don haka a gidana za a yi suna. Kowa ya san yadda abin yake: in Perezidan bai zo ba, mutanen matata da ƙawayenta ba za su tako ba, in Alhaji bai zo ba, uban yaro zai zauna ba kowa a bayansa. Matata ta faɗa mini wannan tana yanka albasa, ba ta ko kalle ni ba. Ta ce ta bar uwa ta bar uba ta biyo ni ƙasar da ba ta da kowa sai mutanen nan, in aka raɗa wa jikanta suna gida rabi fayau, to in san shekara ashirin ɗin nan yawon cin tuwo na yi.

Ranar Litinin Perezidan ya kira ni kanti. Ya ja ni bayan buhunan shinkafa, ya jawo wani abu mai faɗi, an naɗe shi da takarda an ɗaure da salatif.

"Bon, suruki," ya ce, "ga kado ka kai wa Alhajinku."

Su kyauta suke kira kado, da bakin Faransa. Na ce masa mu a wajenmu kado a ruwa yake, kuma haƙora gare shi. Ya yi murmushi ya ce wannan ba ya cizo. Ya ce dattawansu sun matsa masa, shi ya sa tun wata biyu da suka wuce ya sa aka zana hoton Alhaji, wata Ba'amurkiya mai sayen zoɓo a kantinsa ce ta yi. Yanzu ga dalili ya samu. In Alhaji ya karɓa ya aiko da godiya, shi da jama'arsa duka suna gidana ranar Asabar.

Da wani ne, da ya yi murna. Ni kuwa murmushin nan nake ta juyawa har na kai mota. Mutumin da ya yi wata biyar bai yi wa Alhaji magana ba, yau shi ne da zanen fuskarsa? Me ya sa bai buɗe ya nuna mini ba? Kuma salatif ɗin ya yi yawa. Mai zuciya ɗaya ba ya ɗaure kyauta kamar zai aika ta Agadas a bayan raƙumi.

Na san jakada ba ya buɗe saƙo. Amma na kuma ji daga bakin tsohuwar nan cewa akwai jakadun da suka kai kyauta suka dawo babu kai. Da na isa gida na kwantar da abin a kan teburin cin abinci, na bi salatif ɗin da reza a hankali.

Wallahi hoto ya yi kyau. Ga Alhaji cikin babbar rigarsa shuɗiya, ga hula ta zauna, ga 'yar furfurar gemu. Har an rage masa tumbi, abin da likitansa ya kasa. Yana murmushi, ya miƙo dabino uku kamar zai ba wanda ke kallo. Na bi kusurwa-kusurwa da tabarau, babu kare, babu takobi. Har na fara jin kunyar zargin da na yi. Sai matata ta fito daga kicin tana goge hannu, ta tsaya a bayana ta yi kallo ɗaya.

"Malam, da wane hannu yake miƙowa?"

Na zagaya na tsaya gefen hoton, na juya na fuskanci inda yake fuskanta, na ɗaga hannuna daidai da nasa. Hagu.

Sai na nemi kujera. Duk karatuna na shekara goma sha ɗaya ya taso mini lokaci guda. Mutumin da ya hana ka magana ranar Sallah don yana wa'azi a kan miƙa abu da hagu, ka sa a zana shi yana miƙa dabino da hagu, ka naɗe, ka ba surukinka ya kai masa, ya rataye a falonsa da hannunsa, baƙi su zo su gani. Na ce wa matata wannan ko sarakunan can ba su kai nan ba. Har na ɗan ji ina girmama Perezidan.

Ita ba ta yarda ba. Ta ce mutanensu in za su zage ka a fuska suke yi, wannan irin ƙulle-ƙulle namu ne. Na ce mata ita ɓangare ce a shari'ar nan, ba a karɓar shaidarta. Ta ce to in je in tambayi mai zanen mana, tunda na ce duk masu fenti na garin nan sun san ni.

Gaskiya ne na san matar. Takan zo gidan zanen nan lokacin ina gadi, ta kai shekara hamsin, kullum da fenti a farce. Ranar Talata da hantsi na same ta a ɗan gidanta na Glenwood, keke a jingine a baranda, kyanwa a kan matakala tana yi mini irin kallon da nake yi wa mutane. Na shiga da dabara. Na yaba aikin, na yaba rigar, na tambayi lafiyar kyanwa. Sannan, kamar abin bai dame ni ba, na ce ko mai kantin ya faɗa mata hannun da za ta sa dabinon. Ta ce a'a. Abu ɗaya ya roƙa, a fito da mutumin da kyau. Na ce a raina an riga an koya mata abin da za ta ce. Na sake tambaya ta wata hanya, ta sake ba ni amsar nan. Da ta ga na nace, ta ce ita abin da ta gani a hoton waya shi ta bi, bari ta nuna mini.

Ta ɗauko kwamfutarta ta buɗe.

Rabin hoton fuskata ce. Hancina a gaba, haƙorana a waje, hulata ta karkace. Can bayan kafaɗata ga Alhaji, yana miƙa wa wani dabino da hagu. Na gane wurin nan take, buɗa-bakin azumin da ya wuce ne, ni na ɗauka da kaina. Sai na tuna wata biyu baya Perezidan ya ce in turo masa hoton Alhaji mai kyau, bai faɗi dalili ba. Ina da hotunansa sun fi ashirin a waya. Wannan na zaɓa saboda ni na fito da kyau a ciki.

Matar ta ba ni haƙuri cewa ta cire ni, wai tsammaninta abin da ya kawo ni ke nan. Da na yi mata bayanin hannu, ta kalli hoton ta yi dariya, ta ce ai kyamarar gaba ce, ta wasu wayoyin juya abu take kamar madubi. Ta nuna mini rubutun da ke jikin bango a bayanmu, ga shi nan a birkice. Ta nuna agogon Alhaji, ya koma ɗaya hannun. Wato bawan Allah da damansa ya miƙa, wayata ce ta mai da shi bahago.

Na roƙe ta ta gyara kafin Asabar. Ta ce fentin mai ne, sai an sake kafaɗa da hannun riga gaba ɗaya, kuma ba ya bushewa a kwana huɗu. Ta tambaye ni, da zuciya ɗaya, wai mene ne abin damuwa, hannu ai hannu ne. Ta faɗi haka tana miƙo mini kofin shayi da hagu. Ashe ita ma bahaguwa ce. Na karɓa na sha, me zan ce.

Laraba ban fita ba. In na mayar wa Perezidan, na tona kaina cewa na buɗe, kuma kyautar da ta dawo ta fi wadda ba a aika ba muni. In na kai na yi shiru, ko Alhaji bai gani ba Hajiyarsa za ta gani, matar da ke gane gishirin miya daga ƙamshi. Matata ta ce in je in faɗi gaskiya kawai, in nuna hoton. Na ce mata ba ta san abin da take faɗa ba. Mutumin da ya shekara yana koya wa jama'a yadda ake karanta kyauta, ya tsaya a falon Sedgefield ya nuna wannan hancin? Na ce akwai hanya ta ilimi. Ta ce Allah ya ba da sa'a, da irin muryar da ake faɗa wa wanda zai tsallaka kogi da buhun gishiri.

Alhamis bayan la'asar na isa. Alhaji ya bar ni a falo na ɗan jima, don in san wajen wa na zo. Ya fito da mutum biyu daga cikin masu zama wurinsa, irin waɗanda in ya yi tari su ce gaskiya ne. Na isar da gaisuwar Perezidan, na ƙara mata mai da albasa. Aka buɗe. Fuskar Alhaji ta washe. Ya ja baya ya kalla, ya matso ya kalla, ya shafa cikinsa ya kalli na hoton. Ya ce ashe mutumin nan yana da hankali. Har ya fara duba bango, yana tambaya ko a sauke hoton Makka a matsa da shi gefe. Na ce a raina Allah ka sa a rataye kafin a waye.

Sai ya tsaya a gaban hoton ya miƙa hannu yana kwaikwayon kansa, don ya ba mutanensa dariya. Ya miƙa dama, ya ga ta yi daidai da na hoton kamar a madubi. Ya juya ya tsaya gefensa yadda na yi a gida.

"Malam," ya ce, "wannan wane hannu ne?"

Na gyara zama na buɗe littafi. Na ce ranka ya daɗe, a ƙa'idar zanen fadojin Turawa, hagu shi ne hannun da ya fi kusa da zuciya. In an zana babban mutum yana bayarwa da hagu, ana nufin daga zuciyarsa yake bayarwa. Na ce na gani da idona a hotuna da yawa. Wannan ban taɓa jinsa a bakin kowa ba, a kan hanyar Sedgefield na ƙera shi, amma na faɗe shi da ɗaga yatsa.

Alhaji ya saurare ni har na gama.

"Shi mai kantin Bature ne?"

Ya ɗauki takardar da aka naɗe hoton, ya duba, ya ce salatif ɗin nan sau biyu aka manna shi. Wato na gani, na sani, na kuma ɗauko na kawo masa gida. Ɗaya daga cikin mutanensa ya ce dama wanda ya auri 'yarsu ai nasu ne. Ɗayan ya ce gaskiya ne. Alhaji ya shiga ciki ya dawo da safar hannu fara guda ɗaya, irin ta masu buga ƙwallon ciyawar nan, su dama ta hagu kaɗai suke sawa. Ya ɗora ta a kan hoton, ya ce in naɗe duka in mayar, in ce saƙo ya iso, ga amsa.

"Asabar kuma," ya ce, "ka gaishe da mai jego."

Na tashi na rungumi hoton, na kai har bakin ƙofa. A nan na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Na hango falona ranar Asabar, an shimfiɗa tabarmi, an dafa shinkafar mutum ɗari, matata na leƙa taga duk motar da ta wuce. Na auna wannan da hancina. Ba zan yi ƙarya ba, sai da na ɗan jima ina aunawa. Sannan na cire takalmin, na koma, na ciro waya na nemo hoton, na miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

Ya daɗe yana kallo. Na yi bayanin kyamara yadda matar ta yi mini, na nuna rubutun bango, na nuna agogo. Na ce laifin nan daga farkonsa har ƙarshensa nawa ne, Perezidan hoto mai kyau ya nema, ni na tura wannan. Ya tambaye ni me ya sa wannan. Na ce don na fito da kyau. Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya ce a hakan?

Amma bai yarda nan take ba, Bakano ne. Ya ce me aka yi mini alkawari da zan ɗauki laifin wani in aza a kaina. Na ce to a gwada. Na tsaya a gabansa na juya kyamara, ya tsaya a bayana ya ɗaga dama, na danna. Ya fito da hagu. Ya ce a sake. Ya riƙe carbi a dama don kada a yi masa wayo, carbi ya koma hagu. Ya karɓi wayar ya ɗauka da kansa, haka. A na huɗu ne dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har da tari, mutanensa suka taya shi, har wanda ya ce ni nasu ne.

Sai ya ɗauki wayarsa ya kira Perezidan, kiran farko a wata biyar, ya sa a lasifika don in ji. Ba godiya ya fara da ita ba, ba kuma maganar Sallah ba, ba a ma ambace ta ba har yau. Cewa ya yi, kai ka san abin da surukinku ya yi? Suka yi kusan rabin awa a kaina. Alhaji ya ba da labarin hannun da ke kusa da zuciya, yana kwaikwayon muryata. Na ji Perezidan yana dariya a cikin kanti, yana maimaita wa masu sayayya. Ya ce ai su suka ba ni mata, sun san abin da suka yi, sadaka ce. Alhaji ya ce hoton zai rataye shi a haka, duk wanda ya tambaya a ba shi labari. Da zan tafi ya miƙo mini safar hannun nan, ya ce tukwicin jakada.

Ranar Asabar motoci suka cika layinmu har suka karya kwana. Perezidan ya riga isowa da jama'arsa, Alhaji ya biyo baya da tasa, suka zauna a tabarma ɗaya. Liman ya yi addu'a, aka raɗa wa yaro suna, aka shafa. Shinkafa ba ta isa ba, sai da aka ɗora wata, kuma ban taɓa ganin matata tana farin ciki da ƙarewar abinci ba sai ranar. Duk wanda ya shigo sai ya miƙo mini hagu mu gaisa, sannan ya ce au, yi haƙuri, kusa da zuciya. Har liman. Tun daga ranar ba a sake aikena ko'ina ba, su biyun kai tsaye suke kiran juna. Ina zuwa Sedgefield har yanzu, ana ba ni tuwo, amma ba a rage murya in na shigo.

Da yamma, ana kwashe kwanuka, matata ta ja ni gefe ta ce matar Perezidan ta faɗa mata wani abu a kicin. Hoton nan kwana goma ya yi a falonsu a buɗe, a jingine da talabijin, kafin a naɗe shi. Kullum in ya dawo daga kanti sai ya ja kujera ya zauna a gabansa da kofin shayi, yana kallo yana murmushi shi kaɗai. Wannan fa mutum ne da in ƙwayar goro ɗaya ta ɓace a kwando zai gane daga bakin ƙofa.

Na same shi a baranda yana jiran motarsa ta samu hanyar fita, da ɗan ƙunshin naman suna a hannu. Na matsa kusa na rage murya.

"Perezidan, tsakaninka da Allah, ka ga hannun nan ko ba ka gani ba?"

Ya buɗe ƙunshin, ya zaɓi tsoka mai kyau ya ba ni.

"Suruki, ci nama," ya ce. "Yau ranar farin ciki ce."